Kocin da ya ƙi ba ni amsa

Ɗan Aliero: Jama'a ku taya ni ji. Na biya kuɗi na shiga horon kasuwanci a Birnin Kebbi. Na tambayi kocinmu, in sayar da albasata yanzu da take araha, ko in zuba a rumbu sai damina ta yi tsada? Wai "Kai mi kaka gani?" Sau uku yana maido min. Da na sani mi zai kai ni wurinsa?

Malam Na Gwandu: Wannan cin amana ne. Annabi (SAW) ya ce addini nasiha ne. Malami ba ya ɓoye abin da ya sani.

Hajiya Mai Shinkafa: Allah gafarta Malam, ai ba malami ba ne, koci ne, mai yi maka tambayoyi har ka gano amsa da kanka. Bai taɓa ganin rumbun yaron nan ba. In ya ce a aje, albasa ta ruɓe, wa zai biya?

Baban Yauri: Koci kuma? Ni a filin Haliru Abdu na san koci, da usur a baki. Shi ma in ɗan wasa ya yi shirme ba ya neman ra'ayinsa, waje yake fidda shi.

Ticha: Baba, daga fagen wasanni irin wannan horon ya samo asali. Wani mai koyar da tanis a Amurka, Timothy Gallwey, shi ya lura a shekarun 1970 cewa yawan umarni yana rikita ɗan wasa.

Baban Yauri: To albasa tanis ce?

Hajiya Mai Shinkafa: Malam, ko Annabi ai ya tambayi sahabbai ko sun san wane ne muflisi, wato wanda ya tsiyace.

Malam Na Gwandu: Da suka amsa, shiru ya yi? Ai ya gaya musu, Hajiya.

Bakabe: Ku mutanen Gwandu kowa a wurinku malami ne, har mai usur.

Malam Na Gwandu: Wanda ya saba da kamun kifi ina ya san darajar allo?

Bakabe: Tun 1934 Sarkin Musulmi ya zo Argungu ya ga kamun kifin nan. Kada ka tado tsohon faɗan Kabawa da Fulani.

Ɗan Aliero: Don Allah albasata fa?

Bakabe: Ɗan Aliero guda yana tambayar ɗan birni yadda ake aje albasa? Tambayi kakanka.

Shugaban zaure: To, an rufe. Kamar yadda kowa ya gani, Malam ya kawo hujja, kuma an yarda wanda ya karɓi kuɗi dole ya ba da shawara. Maganar tanis ba ta shafe mu ba. Bakabe, a daina taɓa malamai.

Hajiya Mai Shinkafa: Wa ya yarda? Ba surukinka ba ne Malam ɗin?