Marai da Jan Baki

Ɗan Wurno:
Sallama gare ku, ma'abota baiti,
Ku auna mini marai da jan baki.
Tsuntsaye ne dangi guda, masaƙa dukansu,
Zarensu ciyawa, allurarsu baki.
Marai ya fi girma, riga rawaya,
Idanu jajaye, rawani baƙi.
Ƙanen nashi toka-toka, ɗan mitsitsi,
Wa za mu ba girma a wanga aiki?

'Yar Gidan Igwai:
Yaya, ni kam marai nika zaɓe,
Gwanin da ba a koya mai ƙullawa.
Shi tsage ganyen kaba siriri,
Shi fara da zobe, shi bi da kitsawa.
Can ƙarshen reshen dogon yaro,
Ƙofa ta ƙasa, iska na lilawa.
Shi rataye kai ƙasa, shina ta surutu,
Shina kiran amarya ta zo dubawa.
In ta ƙi ɗakin, ko ganye ya bushe,
Da bakinai zai bi shina warwarewa.

Baba na Goronyo:
Ɗiyata, yabo daga inuwa da daɗi,
Ba ki tsaron shinkafa ba a fadama.
Marai ɓarawo ne, na san halinai,
Shi ɗan taɓa gefe, shi bar mu da dama.
Jan baki ko, awa hadarin gabas,
Miliyoyi su taso su rufe sama.
Shinkafa na nono suka sauko mata,
Gero da dawa duk ba su da salama.
Mu ja igiya, gwangwani na ta ƙara,
Yara da majajjawa har rana ta gama.
Masara kaɗai ta fi ƙarfin bakinsu,
Sai jirgin feshi in an samu dama.

Malamin Kware:
Baba, a yi ma jan baki adalci kaɗan,
Irin ciyawar daji ne cimarsa.
Marai mai mata ne, nan da can,
Jan baki guda ɗaya ce matarsa.
Cikin ƙaya shika saƙa ɗan ɗaki,
Kwana 10 ƙwai ya zama ɗiyansa.
Ita ko in lokacin kwanci ya zo,
Bakinta rawaya, ta bar ja gunsa.

'Yar Gidan Igwai:
Malam ya tona asirin gwanina,
To masu gida da yawa, ku ji da kanku!

Baba na Goronyo:
Malam, ladabin aurensa nashi ne,
Ni buhuna nawa ya bar min bana?
Gobe da asuba ka taho Goronyo,
Ka riƙe igiya har faɗuwar rana.
In ka yaba shi bayan la'asar,
Ni ma in yaba shi, soye da yaji a kwanona.