Sosiyoloji a Damagaram, ina aikinta yake?

Ɗiyar Birni: Salamu alaikum. Na samu bak bana, ina son yin sosiyoloji a Jami'ar André Salifou amma baba ya ce karatun zaman banza ne, don Allah wane aiki ake samu da ita?

Ɗan Zango: Ƙanwata aiki akwai. Lisans shekara 3 ce, ni tun ina shekara ta 2 nake bin ONG ƙauyukan Mirriah muna anket kan tamowa, nan na koyi aikin, sai dai kwangila ce tana ƙarewa.

Malama Garin Malam: Ƙara masta shekara 2 ɗiyata, ki koyi kwamfuta da lissafin alƙaluma sosai. Akwai konkur na ENA, makarantar horar da ma'aikatan gwamnati, a Yamai kuma.

Ɗiyar Birni: Na gode, yau zan nuna ma baba.