Zan tafi Tokyo: ya ake karawa da baƙo a gidan gem?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wurin aikina sun tura ni kwas Tokyo, tafiyar bayan Sallah ce. Tun ina sakandare nake buga Tekken, gem ɗin faɗa, a wani shago nan Mabera, janareto na ƙugi, wanda ya ci ya ci gaba da zama, wanda aka doke ya miƙa hannu ga na gaba. Duk wanda na taɓa karawa da shi na san sunansa, na san gidansu. Babban burina in zauna da mutumin da bai san ni ba, a ƙasar da aka ƙirƙiro wasan, in ga inda iyawata ta tsaya. To ba na jin yarensu ko kaɗan. Ya ake neman izini? Ba rashin ladabi ba ne ka katse wa mutum wasansa? Kuma hannun PlayStation na saba da shi, ban taɓa riƙe sandar da ake sarrafa injin gidan gem da ita ba.

Malam na Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. Can na yi karatu, kwantar da hankalinka, ba a neman izini. Injunan faɗa biyu-biyu ake haɗa su baya da baya, kai kana nan, abokin karawarka yana ɗaya gefen, ko fuskarsa ba ka gani. Ka jefa kwabon yen 100, ka danna, shi ke nan ka ƙalubalance shi, kuma abin da ya zo nema ke nan. Kamar filin dambe ne, shigowarka ita ce maganarka. In an kayar da kai, ka waiga. In akwai mai jira a bayanka, ka tashi. Kada ka daki injin don haushi, kada kuma ka ga sabon shiga ka yi ta komawa kansa.

Tekken 8 da ya fito a 2024 ba a yi masa injin gidan gem ba, sai dai Tekken 7 in ka dace. A unguwar Akihabara akwai gidajen gem na Taito Station da GiGO, amma benayen ƙasa duk injunan kamun 'yar tsana ne, sai ka hau sama. Ni dai gidan gem na Mikado da ke unguwar Takadanobaba na fi so. Na ga wani dattijo can, da kwat ɗin ofis, ya ajiye jakarsa tsakanin ƙafafunsa, ya jera kwabbai a gefen maɓallai, yana buga Street Fighter III: 3rd Strike, wasan 1999. Ya gama da ni tas, da na leƙa ya ɗan sunkuyar da kai, na mayar masa. Har yau ina jin daɗin wannan gaisuwar.

Alhaji Ƙarami:
Ni Guangzhou nake zuwa saro kaya. Can King of Fighters '97 ne sarki, manyan mutane masu iyali ke bugawa. Shawarata ɗaya: in ka ga gida mai ƙara da ƙananan ƙwallayen ƙarfe, pachinko ke nan, harkar caca ce, ba wurinka ba ne. Kuma ka saka ƙararrawar sallah a wayarka, domin a ciki ba ka sanin rana ta faɗi.

Ummu Tekken:
Yaya, kada sunan Japan ya tsorata ka. Arslan Ash daga Lahore ta Pakistan ya fito, ba wanda ya san da 'yan wasan ƙasarsu, ya je ya cinye Tekken a manyan gasannin gem ɗin faɗa, EVO Japan da EVO ta Amurka, duk a 2019. A ƙananan shaguna irin naku suka goge. Batun sanda kuwa, kwanakin farko za ka sha kashi, yatsunka za su riƙa neman abin da babu. In za ka samu ta aro a Sakkwato, fara yanzu.

Ɗan Mabera:
Allah Ya saka da alheri. Akwai wani yaro a Gawon Nama mai sandar, gobe bayan La'asar zan je wurinsa. Malam, takardar kuɗi fa, a ina ake canza ta zuwa kwabbai?

Malam na Arkilla:
Injin canji na nan cikin gidan. Saka yen 1000, ya zubo maka goma.