Taron Asabar: lafiya ce ko feminisanci da hijabi?

Bashir: Salamu alaikum 'yan zaure. Na ga fastar da anka turo daren jiya, wai ɗalibai mata na makarantun garin ga za su yi taro ranar Asabar kan lafiyar mace da haƙƙinta, maza ba shiga. Ni dai zan faɗi tawa ko za a yi mani ca: wanga abu feminisanci ne anka sa ma hijabi. Yau lafiya, gobe a ce miji ba shi da iko da matatai, jibi a taɓa gado. Da rarrafe yaro kan tashi.

Hauwa'u: Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, ni na rubuta fastar, ni na turo ta. Ka karanta har ƙasa kuwa? Likita ce za ta yi mana bayanin ciwon mara da jinin al'ada in ya wuce kima, da yadda mace za ta duba mamanta da hannunta, da rigakafin kansar bakin mahaifa. Bayan azahar wata lauya ta faɗa mana inda ɗaliba za ta kai kuka in malami ya matsa mata. Ta wace kafa gado ya shigo?

Bashir: Ta kafar lauyar.

Hauwa'u: Wallahi mu ba feminis ba ne. Ko kusa.

Rukayya: Hauwa'u, bar rantsuwar nan don Allah, zafi take mini. Kullum mace za ta buɗe baki sai ta fara da wanke kanta, kamar an kama ta da kayan sata. Ni feminis ce, kuma ban fasa salla ba. Abin da nake nufi ɗaya ne, kada a tauye mutum don kawai an haife shi mace. Kai kuma Bashir, a ABU Zariya aka yi taron da ya haifar da ƙungiyar mata ta WIN a 1982, ba a haife ni ba, ba a haife ka ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri tun zamanin NEPU, tana neman matan Arewa su samu ƙuri'a, ba su samu ba sai a shekarun 1970, alhali matan Kudu sun daɗe suna jefawa. Wace Baturiya ce ta aiko ta?

Malam Nasiru: Ƙanwata Rukayya, a hankali. Kalma ba ta tafiya ita kaɗai, da kayanta take zuwa. A 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton jinsi, kuma maganar gado na cikin abin da ya tayar da hankalin malamai. To in kika amsa sunan nan, za a bi ki bashin da ba ke kika ci ba. Kuma me ya kai mu aro? Shehu Usmanu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, da aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tana naɗa jaji, wato jagorar mata, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauye ta tattaro mata ta karantar da su. Su ne 'yan taru. Kabarinta yana nan Hubbare, babur ɗaya zai kai ki. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ta gina makarantu ba tare da ta ari sunan kowa ba. Ni ina goyon bayan taron, sunan ne ba na so.

Rukayya: Malam, da girmanka, amma Nana Asma'u ta zama garkuwa. Da an matsa ku sai ku ɗauko ta ku tare, ana watsewa ku mayar da ita Hubbare. Mutum nawa cikin masu ambatonta suka bar ƙannensu suka gama sakandare? Ita ta tura mata ƙauyuka, mu taron yini ɗaya cikin gari ya zama abin tuhuma.

Malam Nasiru: Nawa ƙannen biyu suna jami'a.

Rukayya: Allah ya saka. Ba da kai nake ba.

Anti Saratu: Ku bari in sa baki, ni da nag girme ku duka, da ɗiya huɗu nid dawo karatu. Ban san feminis ba, ban san kishiyarta ba. Ɗiyar wan babana na sani. Shekararta sha shida naƙuda tat tashi, can ƙauyenmu. Kwana biyu tana durƙushe, mijin ya tahi kasuwar Illela, uwar mijin ta ce ba mai fita da ita sai ya dawo ya ba da izini. Aka yi ta ba ta rubutu da jiƙo. Da yad dawo anka sa ta a mota, ɗan ya riga ya mutu a ciki. Bayan 'yan kwanaki fitsari yaf fara zuba, ba ta iya riƙe shi. Na je duba ta, na iske an shimfiɗa mata leda ƙarƙashin tabarma a ɗakin da aka aje gero, da kwanonta daban. Ta ƙi shan ruwa da rana don kada ta jiƙe, ga zafin Sakkwato, leɓɓanta duk sun tsage. Mijin bai ce ya sake ta ba, bai kuma sake shiga ɗakin ba. Sai da wata malamar asibiti taf faɗa muna ana ɗinkin yoyon fitsari a asibitin mata da yara na Maryam Abacha, munka kawo ta, Allah ya sa anka dace. Bashir, ɗana, in akwai wadda za ta tsaya ranar Asabar ta gaya ma yaran ga cewa naƙudar da ta wuce yini ba ta gida ba ce, ko da wutsiya ta zo ni zan ba ta kujera.

Bashir: Allah ya ƙara mata lafiya, Anti. Amma wanga jahilci ne, ba addini ba. Ba malamin da zai ce a bar mace ta mutu don jiran izini.

Anti Saratu: Na sani. To wa ya je ya gaya ma uwar mijin?

Hauwa'u: Kuma ba iska ba ce, ba maita ba, kamar yadda ake faɗa wa matan. Kan jariri ne ke danne naman da ke tsakanin mafitsara da ƙashin ƙugu na tsawon lokaci, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, ya ɓule. Shi ya sa yoyon kan bayyana bayan kwanaki. Mu da ke karatun jinya mun san wannan, 'yar sashen tarihi ko lissafi fa, wa zai gaya mata?

Bashir: Na ji wannan. To allurar rigakafin kansar fa? Ana ta faɗin tana hana haihuwa. Kuma na ji ta yara ce, mi ya haɗa ta da 'yan jami'a?

Hauwa'u: Ta yara ce, gaskiyarka. Najeriya ta fara ba da ita kyauta a Oktoban 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo kusan duk kansar bakin mahaifa, ta hanyar saduwa ake ɗauka, kuma mace mai kamun kai na iya samu a ɗakin aurenta. Shi ya sa ake yi kafin aure ya zo. Mu mun wuce shekarun, namu gwaji ne. Amma kowaccenmu na da ƙanwa, kuma in an zo da takarda gida mu ake miƙa wa, a ce 'yar jami'a karanta mana. Maganar hana haihuwa kuwa, ita aka yi wa allurar shan inna a 2003 har wasu jihohi suka dakatar da ita. Waɗanda aka ɗiga wa a lokacin ga su nan suna goyo.

Aliyu: Ni wata tambaya gare ni, kada a cinye ni. In dai matsalar irin wadda Anti ta faɗa ce, ai mu ya kamata a tara. Mu ne za mu zama mazan, mu za a jira mu sa hannu in za a yi tiyata. Me ya sa aka ce maza ba shiga?

Anti Saratu: Yaron ga ya fi ku hankali duka.

Hauwa'u: Aliyu, bari in ba ka labari. Semistar da ta wuce, a makarantarmu, lakcar ƙarfe sha biyu. An tashi kowa ya fita, wata 'yar aji ɗaya ta ƙi tashi. Na dawo ɗaukar littafina na same ta ita kaɗai, ta kifa kai a tebur. Al'ada ce ta zo mata ba shiri, ta ɓata zane har kujera. Ta fi awa tana jira harabar ta yi shiru. Bayan gidan da ke kusa ba ruwa, ƙofarsa ba sakata. Na ba ta babban hijabina ta ɗora, na goge kujerar da takardar da na yage daga littafi. A hanya take gaya mini duk wata sai ta yi kwana tara tana zuba, har jiri take gani, kuma ba ta taɓa faɗa wa ko mahaifiyarta ba. Wannan ce za ta ɗaga hannu ta yi tambaya kana zaune? A yi naku daban, zan nemo muku likita namiji.

Rukayya: Ka ji ko, Bashir? Famfo da sakata. Amma ranar da muka rubuta takarda muna neman su, feminis za a kira mu, to gara in amsa tun yanzu.

Bashir: Ba wanda zai zage ku kan famfo. Lauyar nan dai nika tsoro. Yarinya ta faɗi jarabawa ta ce malami ya neme ta, a ɓata mutum da iyalinai.

Rukayya: Ƙazafi laifi ne, wadda ta yi a hukunta ta. Amma binciken BBC na 2019 kan malaman da ke neman ɗalibai mata a jami'o'in Legas da Gana da kyamara aka ɗauka. A shekarar ce kuma matan Arewa suka cika Twitter da labaransu ƙarƙashin ArewaMeToo, ba 'yan Legas ba, namu. Dokar VAPP ta hana cin zarafi tun 2015 take a tarayya, Sakkwato ta sa hannu a tata a 2021. Dokar jiharka ce, ba ta Amurka ba. Laifi ne ɗaliba ta san da ita?

Malam Nasiru: Ba laifi ba ne. A dai gaya wa lauyar ta yi maganar hujja da shaida, kada a koya wa yara yanke hukunci a intanet. Kuma Rukayya, har yanzu ba ki amsa mini maganar gado ba.

Rukayya: Ban nemi a canja aya ba, Malam. Rabin da aya ta ba mace nake so in ga ya shiga hannunta, ba a ce gona ba ta rabuwa yayyenta su yi ta nomewa ba.

Malam Nasiru: To wannan ai fiƙihu ne, ba feminisanci ba.

Rukayya: Kira shi yadda ka so.

Malam Nasiru: A'a, sunan shi ne rigimar tun farko.

Zainab: Afuwan, ban taɓa magana a nan ba. Anti Hauwa'u, ana iya rubuta tambaya a takarda ba suna?

Hauwa'u: Ana iyawa, ƙanwata. Za mu aje kwali a bakin ƙofa, likitar ce kaɗai za ta buɗe. Yaya Bashir, tun shekaranjiya nake tambayarka aron lasifika.

Bashir: Ba tawa ba ce, ta masallaci ce. Sai na tambayi liman.

Anti Saratu: Ka tambaye shi bayan magariba. In ya ce mi za a yi da ita, ka ba shi lambata.