Za a mayar mini da obarin (ma'ajiyar ƙwan mace) da aka daskarar, ance rabin ƙwan zai mutu kafin jini ya kama

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah ku bani shawara, kwana uku kenan bana barci. Ina da shekara 24 aka gano ina da limfoma (wata irin cutar kansa), ranar ni da mahaifiyata ne a ɗakin likita, tana riƙe da fayil ɗina hannunta yana rawa har takardun suka zube ƙasa. Kafin a fara kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) aka cire obari ɗaya aka yanyanka fatarsa ta waje sirara aka daskarar, Alhamdulillah na warke, yanzu shekarata 31 na yi aure amma al'ada ta ɗauke tun bayan kemo, kullum dare zufa sai ta jiƙe filo. An sa ranar dashen naman obarin, sai likita yake ce min ai ba'a ɗinka masa jijiya, ɗora shi kawai ake yi ya jira jijiyoyin jini su tsiro su shige shi da kansu, kuma a wannan jiran fiye da rabin ƙwan da ke ciki yana mutuwa. Ya kawo shawarar tiyata kashi biyu na ƙi. Akwai abin da zan sha jinin ya kama da wuri?

Maman Ikram: Allah ya baki lafiya 'yar'uwa. Ki fara shan bitamin E tun yanzu, naji yana kare ƙwai.

Anti Nas: Kar ki sha komai ba da sanin likitanki ba, bitamin E mai yawa yana iya ƙara zubar jini a tiyata. Ki saurara ƙanwata. Naman yana kwana kamar 5 cikin ƙarancin oksijin, sai wajen kwana 10 jini ya daidaita, kuma wannan a cikin naman yake faruwa, ƙwayar da kika haɗiya da wuya ta kai gare shi sosai tunda jijiyar ce babu. Su VEGF (sinadarin da ke sa jijiyoyin jini tsirowa) da sitem sel na kitse (ƙwayoyin halitta masu gyara nama) da melatonin (sinadarin barci) da ake ta magana, yawanci a jikin ɓeraye aka gwada. Tiyata kashi biyun da kika ƙi fa? Haihuwar farko a duniya ta wannan hanyar, a Burasel ta Beljiyam a 2004, sai da suka fara buɗe wurin kamar mako ɗaya kafin dashe don jijiyoyi su fara tsirowa. Ki koma ki karɓa.

Mai tambaya: Anti ba taurin kai bane, wancan karon da aka sa min maganin barci kwana biyu ina amai, ba zan iya sau biyu a mako ɗaya ba. Shi ma likitan cewa yayi zaɓi ne.

Ummu Hanan: Ni dai nace likitoci basa faɗin gaskiya duka. IVF (haɗa ƙwai da maniyyi a waje a mayar mahaifa) sau uku nayi, kowanne sai ace wannan karon akwai alama, har yau shiru, dangin miji kuma ni suke kallo kamar ni na hana kaina. Na gaji wlh.

Maman Ikram: Allah ya kawo mai albarka Ummu Hanan. To PRP fa, wanda ake tacewa daga jinin mutum? Tunda jininta ne ai ba illa.

Anti Nas: Rashin illa daban, amfani daban, PRP bai tabbata ba tukuna. Kuma mai tarihin cutar kansa bata wasa da abin da ke tsiro da jijiyoyi, shi ma ƙari da jijiyoyin yake girma. Ƙanwata yanka nawa aka ajiye miki? An duba su babu ƙwayar cutar? Kar ki bari a sa duka lokaci ɗaya, a Denmak kashi-kashi suke mayarwa, in na farko ya ƙare bayan wasu shekaru a ƙara.

Mai tambaya: Ni na ce a sa duka. In rabi zai mutu kuma an sa kaɗan me zai rage? Shekaru suna tafiya Anti.

Anti Nas: Ƙwan 'yar shekara 24 ne a ajiye, baya tsufa a sanyin digiri -196. Ko an dasa sai wata 4 zuwa 5 kafin al'ada ta dawo, ina saurin yake? Baki amsa min yanka nawa ba.

Ummu Hanan: A bar ta tayi abin da ranta ya kwanta da shi, jikinta ne.

Mai tambaya: Ban san adadin ba, takardar tana wajen mahaifiyata. Amma dai melatonin ɗin, ko kaɗan ne bazai taimaka ba?