George Washington: uban 'yanci ne ko ubangidan bayi?

Malam Habu: Jama'a, ni dai a ganina duk cikin waɗanda suka kafa Amurka babu wanda ya kai George Washington. Shi ya jagoranci sojoji har Ingila ta haƙura, da yaƙi ya ƙare a 1783 ya ajiye muƙaminsa ya koma gona. Ya zo ya yi shugabanci daga 1789 zuwa 1797, ya sauka don kansa, alhali babu dokar da ta hana shi zarcewa.

Hajiya Rabi: Malam, gonar da ya koma, su wa ke nome ta? Lokacin da ya rasu a 1799, bayi 317 ne a gonar tasa ta Mount Vernon, 123 daga cikinsu mallakarsa ne shi kansa.

Malam Habu: Hajiya, haka zamanin yake. Kuma ai ya bar wasiyya a 'yanta nasa.

Hajiya Rabi: Wasiyyar cewa ta yi sai bayan matarsa Martha ta rasu. Batun zamani kuwa ban karɓa ba. John Adams tare suka yi gwagwarmayar, bai taɓa mallakar bawa ba. Benjamin Franklin, shi ma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar, da ya taɓa riƙe bayi, ya dawo ya sa hannu a takardar koke ga majalisa a 1790 kan a kawo ƙarshen bauta. Sun san abin da suke yi.

Sani: Anti Rabi, ki bari in ƙara. Washington yana shugaban ƙasa a birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania, dokar jihar ta ba bawan da ya yi wata shida a cikinta damar samun 'yanci. Sai ya riƙa fitar da bayinsa kafin wa'adin ya cika, a dawo da su a sake lissafi. Da Ona Judge, baiwar da ke yi wa Martha hidima, ta gudu a 1796, har New Hampshire ya sa aka bi sawunta. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Malam Habu: Sani, ban musa ko ɗaya ba, abin baƙin ciki ne ƙwarai. Amma har yanzu ina kan bakana game da sauka daga mulki. Janar nawa ne suka ci yaƙi, mulki na hannunsu, suka sake shi?

Hajiya Rabi: To Malam, a yaba masa a kan wannan. Sunan uban 'yanci ne ba zan ba shi ba.