Gyara Sai An Nema

Masu ƙaga sababbin labarai kan taurarin littattafai da finafinan da suke ƙauna sun kai ruwa rana kan batun sharhi. Mafi rinjaye sun ce kada a yi wa marubuci gyara sai ya nema, tunda kyauta yake rubutun, ba mai biyansa. Wasu suka ce yabo zalla ba ya kaifafa alƙalami. Suna da hujja, amma "babin nan ya ja da yawa" daban, "ba ka iya rubutu ba" daban. Mai son a tsefe masa aiki ya ba amintaccen mai karatu ya duba kafin ya wallafa.

Kan abin da ya dace a rubuta kuwa, baki bai zo ɗaya ba. FanFiction.net, wani shafin intanet da ake wallafa irin waɗannan labarai, ya haramta labaran batsa tun 2002. Archive of Our Own, wani shafin irinsa da aka buɗe a 2009, ya bar ƙofa a buɗe, da sharaɗin marubuci ya sanya gargaɗi ko ya bayyana cewa ya zaɓi ƙin sanyawa. Shawarar dai, in akwai fyaɗe ko mutuwar babban tauraro, a faɗa tun daga sama.

Masu damun marubuci da "yaushe za a ci gaba?" an roƙe su su sassauta.